Yadda za ka samu sauti garau a amfar jita mai kwalba

Satin da ya wuce wani ƙanina a harkar kiɗa ya ɗauko amfarsa a keke tun daga Sabon Tasha nan Kaduna har gida, ya dire ta a bakin ƙofa yace "Yaya dan Allah duba min abin nan, ina jin cutata aka yi, da na ɗan ƙara murya sai ta kama karcewa kamar ana yaga buhu." Ƴar ƙaramar amfa ce mai kwalba, wat 15, ta hannu ya saya amma tana da kyau. Kafin ma in jona ta na kalli nob ɗin da ke gabanta, gein yana kan 8, bes ya ƙure shi, masta kuma yana can ƙasa wajen 2. Nace masa zauna, lafiyarta ƙalau. Ko minti biyar ba mu yi ba ya ji jitarsa tana fita tas, kowace tsirkiya da muryarta, sai kallona yake. Toh abin da na nuna masa ranar shi nake so in baje a nan, don na san masu wannan matsalar suna da yawa, masu kiɗa a coci da masu zuwa biki da ƴan situdiyo, kuma wasu har sayar da amfa mai kyau suke da arha saboda ita.

Ka fara gane yadda abin yake aiki. Amfa mai kwalba, wasu suna cewa bawul wasu tub, kashi biyu ce a ciki. Akwai ƙananan kwalabe na gaba, yawanci 12AX7 ake sawa, su ne suke karɓar ɗan siririn sautin da ke fitowa daga jita su ɗaga shi. Sai manyan na baya irin su 6V6, 6L6, EL84 ko EL34, su ne masu tura sifika. Kowane kashi yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, in ka ba shi fiye da haka sai ya datse kan sautin, wannan datsewar ita ce karcewar da kake ji. Masu kiɗan rok ita suke nema, kuɗi suke kashewa a kanta, amma mu da muke buga hailaif da makosa da waƙoƙin yabo, ko mai raka mawaƙi a wajen biki, so muke in ka taɓa tsirkiya shida a ji shida. Ka ɗauka bokitin ruwa ne a kanka, in ka cika shi fal taku ɗaya za ka yi ya zubo maka, in ka bar masa sarari a sama ko da gudu kake ba abin da zai zube. Duk bugu mai ƙarfi da ka yi wa tsirkiya taku ne. Wannan sararin shi za mu yi ta nema daga nan har ƙasa.

Gein da masta tukuna, don nan ne kusan kowa yake faɗawa. Gein, a wasu amfofin an rubuta masa bolum kawai, shi yake ƙayyade yadda ake matsa wa ƙananan kwalaben gaba, masta kuma shi yake ƙayyade nawa daga ciki zai wuce wajen manyan. In ka ɗaga gein ka sauke masta to ka riga ka karce sautin tun daga ƙofa, duk yadda ka rage murya a karce zai fito, a hankali dai amma a karce. Sai ka juya lissafin. Ka mayar da gein sifili, ka kai masta wajen 7 ko 8, sannan ka dinga ɗaga gein kaɗan kaɗan kana buga kod mai cike da ƙarfin da za ka buga a gaban jama'a, ba irin lallaɓawar da mutum yake yi a ɗaki ba, da zarar ka ji ɗan kaushi ya fara shigowa a ƙarshen bugun sai ka dawo baya kaɗan ka tsaya nan. Yawanci tsakanin 2 da 4 za ka samu kanka. In amfarka tana da layi biyu ka tabbata kana kan mai tsabta, kuma duk wani ɗan maɓalli na ƙarin kauri ko ƙarin ƙarfi ka kashe shi.

In kuma tsohon yayi ce mai bolum kawai babu masta, irin Fender Deluxe Reverb, to ita ba wata dabara, akwai inda take tsayawa. Wat 22 ce da 6V6 guda biyu, tana kaiwa wajen 4 ko 5 take fara kaushi, daga nan duk abin da ka ƙara kauri ne yake ƙaruwa ba ƙara ba. Haka aka gina ta.

Sai bes. Wallahi mu ƴan Najeriya muna son bes, duk na'urar da muka samu shi muke fara ƙurewa, amma a amfar jita shi ne ɓarawon sarari na ɗaya. Sauti mai kauri yana cin ƙarfin amfa fiye da siriri nesa ba kusa ba, so in bes yana sama manyan kwalabe suna gajiya da wuri, sifika ta kama ɓarɓar a kan tsirkiyoyin sama masu kauri. Kuma ga mai bes jita a gefenka ga hannun hagun mai kibod, wannan wajen nasu ne, ko ka shiga ba za a ji ka ba sai dai ku dagula wa juna. Ni inda nake farawa: bes 3, midil 5 ko 6, tirebul 5. Kana ƙara murya kana ƙara rage bes. Kai kaɗai a ɗaki za ka ji kamar sautin ya rame, kar ka damu, bari a tayar da kiɗa gaba ɗaya ka ji yadda zai zauna daram. Midil kuma kar ka kwashe shi, shi ne yake sa a ji jita a cikin taro ba tare da ka ƙara bolum ba. Mai amfar Vox AC30 ko AC15 ya lura da nob ɗin nan na yanke kaifi da ke kusa da masta, shi baibai yake aiki, in ka murɗa shi gaba rage kaifi yake.

Wani abu da mutane da yawa ba su taɓa gwadawa ba, ramin jona waya na biyu. Amfofin Fender da yawa suna da rami 1 da rami 2, na biyun yana rage ƙarfin abin da ke shigowa da kusan desibel 6, wato rabin ƙarfin siginal kenan. Fikof shi ne maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗauko sautinsu. In jitarka mai hambaka ce, fikof ɗin nan masu faɗi irin na jitar Les Paul da kwafe-kwafensa da suka cika kasuwa, to ƙarfinsu ya fi na siraran fikof irin na Stratocaster, suna shiga rami 1 suke cika kwalbar farko. Ka koma 2 kawai ka ji bambanci, kyauta.

Ita kanta jitar akwai aiki a jikinta. Bolum ɗinta ba dole sai yana 10 ba, ka ajiye shi 7 ko 8 ka saita amfa a haka, in lokacin solo ya zo ka buɗe sauran da ɗan ƙaramin yatsa. Wasu jitocin in ka rage bolum kaifi yana tafiya, mai gyara zai iya sa maka ɗan ƙaramin kafasito a kan nob ɗin ya magance wannan, ba wani kuɗi ba ne. Sannan ka duba tsayin fikof. Ka danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato ɗan ƙarfen ƙarshe na wuyan jitar, ka kalli tazarar da ke tsakaninta da fikof, ya kamata a samu wajen milimita 2 zuwa 3, in ya matso fiye da haka ka sa sukundireba ka ɗan sauke shi, musamman ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri. Na sha ganin jitar da aka ɗaga fikof har yana neman taɓa tsirkiya wai don a samu ƙarfi, ƙarfin yana zuwa amma da datti yake zuwa, kuma maganaɗisun yana jan tsirkiyar har ta dinga fita wani iri kamar ba a saita ta ba.

Hannu ma. Amfa mai kwalba tana jin hannu sosai, abin da ya sa muke sonta kenan, ka lallaɓa ta fito garau ka dake ta ta yi gurnani. In kana dukan tsirkiya kamar kana sussukar gero to ba saitin da zai cece ka. Ka sassauta wuyan hannu ka bar amfar ta yi ɗagawar.

Masu feda, ƴar na'urar sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa, musamman irin su Zoom da Boss masu komai-da-ruwanka da kusan kowa ke amfani da su a garin nan, ku ji wannan da kyau. Ka fara cire ta gaba ɗaya, jita, waya, amfa, shikenan, ka saita sautinka a haka. Sannan ka mayar da ita ka daidaita ƙarfin fitarta yadda in ka kunna da in ka kashe murya ɗaya za ka ji. Yawancin saitin da suke zuwa da su daga kamfani suna da ƙarfi fiye da kima kuma akwai kwaikwayon wata amfar a ciki, kaga ka ɗora amfa a kan amfa kenan, ka kashe wannan ɓangaren ka bar ribab da dile da koros ɗinka kawai. Kwamfuresa tana taimakawa in an sa ta kaɗan don tana danne kan bugun kafin ya isa kwalba, amma in ka ɗaga lebul ɗinta ita ma tura amfar take. Batir mai bolt 9 in ya fara mutuwa shi ma karce sauti yake, na taɓa ɓata kusan awa ina zargin kwalba ashe batir ne. Wayar jita kuma mita 3 zuwa 5 ta isa, mai tsawo sosai tana shanye kaifi sai ka koma kana ƙure tirebul kana ƙaro shuuu.

Yanzu wuta, kuma a nan zan daɗe don wannan tamu ce. Wutar ƙasar nan a ƙa'ida bolt 230 ce, amma duk wanda ya taɓa sa mita a soket da yamma a unguwa mai cunkoso ya san sau da yawa ba ta kaiwa, fanka ma tana gaya maka. Ita amfa mai kwalba taransifomar cikinta ɗaga abin da aka ba ta take, ta kai shi bolt 300 zuwa 400 da wani abu don manyan kwalabe, ta kuma ba su 6.3 na ɗumama su. In abin da ya shigo ya ragu duka waɗannan raguwa suke tare, bokitin ya ƙanƙance kenan, sai ka ga saitin da ya yi maka kyau da safe wajen gwaji da daddare ya koma kaushi, kai kuma ba abin da ka taɓa. Haka in kuna kan ƙaramin janareta ɗaya da masu fitilu da manyan sifikun waje da firizar masu lemo, duk sanda bes ya daka wutar tana nutsewa amfarka tana nutsewa da ita. Maganin shi ne sitabilaiza taka ta kanka, mai 1000VA ta ishi amfa ɗaya har da saura, ka sa ta cikin kayan aikinka kamar yadda kake ɗaukar waya. In da hali ka samu ƴar mita mai nuna bolt ka dinga dubawa kafin ka zargi kayanka. Mai imbata kuma ya tabbata mai tsabtatacciyar wuta ce, masu arhar nan suna sa taransifoma zzzz kuma suna ɗora mata zafi.

Kafin ka jona kowace amfa ta hannu ka juya bayanta ka karanta. Wadda aka yi wa Amurka bolt 120 take ci, ta Japan 100, ta Ingila da sauran Turai ita ce daidai da tamu. Ka sa ta Amurka kai tsaye a soket ɗinmu, in ka yi sa'a fis ne zai tafi, in ba ka yi ba taransifoma ce, kuma samun irinta a nan aiki ne. Sai da sitef-dawun. Amma ka tuna shi raba wuta biyu kawai yake, in 190 ta shigo 95 zai fitar, don haka sitabilaiza a gaba, shi a bayanta. Kuma in za a canza daga wutar gari zuwa janareta ka kashe amfarka tukuna, a tayar da shi ya daidaita sannan ka kunna.

Ƙugin nan na huuum da ba ya tsayawa yawanci rashin at ne, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, gine-gine da yawa ramin soket na uku ado ne kawai babu waya a bayansa. Siraran fikof suna ƙara jawo shi, in ka juya jikinka ko ka matsa daga kusa da amfa da fitilu za ka ji ya ragu, a Stratocaster matsayi na 2 da na 4 na maɓallin zaɓen fikof a yawancin na yanzu suna kashe shi. Dan Allah kar ka yarda wani ya karya maka ƙafar at ta fulogi wai don ƙugi ya tafi. Tsirkiyar da ke hannunka a haɗe take da jikin amfar, ranar da wani abu ya taɓa a ciki kai ne hanyar da wutar za ta bi, ga makirfo a bakinka.

To in ka yi duk wannan kuma har yanzu mai duram yana binne ka fa? Nan sai a faɗi gaskiya, wat 15 ba za ta yi gasa da mai duram mai zafin hannu a babban ɗaki ta kuma zauna garau ba. Abu na farko ka ɗaga ta daga ƙasa, ka ɗora a kujera ko ka jingina ta baya ta kalli kunnenka, don da yawa ƙafafunsu suke yi wa kiɗa shi ya sa suke ta ƙara murya. Na biyu ka sa mata makirfo a gaban sifika, SM57 in akwai, in babu kowane na waƙa zai yi, ɗan gefe da tsakiyar sifikar kaɗan, a kai miksa, manyan sifiku su yi ɗaukar kayan ita kuma ta tsaya inda take da daɗi. Wannan ya fi sayen sabuwa sau goma. Don lissafin wat yana yaudara, in ka ninka wat sau biyu desibel 3 kawai ka ƙaru, kafin kunne ya ji murya ta ninka sai ka ninka wat wajen sau 10. Sifika ma haka, wadda aka rubuta mata desibel 100 a kan mai 97 kamar ka ninka wat ɗin amfarka ne ba tare da ka taɓa kwalba ba. Wanda dai yake son garau da ƙara mai yawa daga amfar kanta to sai manya, Hot Rod Deluxe mai wat 40, ko uwa-uba Twin Reverb mai wat 85 da 6L6 guda huɗu da sifika biyu masu inci 12, ita kam kunnenka zai gaji kafin ta karce, sai dai nauyi, mutum ɗaya ba ya jin daɗin hawa bene da ita.

Akwai canjin kwalba ɗaya da nake so wanda kai ma za ka iya. 12AX7 tana ɗaga sauti sau 100, 5751 wajen 70, 12AY7 kuma wajen 45, kuma duka ƙafa tara ne rami ɗaya suke shiga. Ka cire ta farko, wadda ta fi kusa da ramin jona jita, ka sa ɗaya daga cikin biyun nan, ƙananan kwalabe ba sa buƙatar wani saiti. Ba za ta ƙara maka wat ba, kar in yi maka ƙarya, amma nob ɗin gein zai samu faɗi, maimakon daga 2 zuwa 3 komai ya rikice sai ka samu wajen motsi. Tsofaffin Fender na shekarun 1950 da 12AY7 ɗin ma suke zuwa a farko. Mai Twin ko Deluxe Reverb ya sani kwalba ta farko ta layin Normal ce, in a layin Vibrato kake bugawa ta biyu za ka canza. Ka cire fulogi, ka bari ta huce, ka ja a hankali kana ɗan girgizawa.

Manyan kwalabe kuwa daban ne. Su suna tsufa, alamar ita ce murya ta ragu, bes ya saki, karcewa ta dinga zuwa da wuri fiye da da. Ana canza su bibbiyu waɗanda aka auna suka dace da juna, kuma yawancin amfofi sai an saita musu bayas, wato yawan wutar da ke bi ta cikin kwalaben, bayan canji, AC30 tana cikin masu daidaita kansu. In ka leƙa baya ka ga farantin ƙarfen cikin kwalba ya yi ja kamar garwashi, ba ɗan hasken tsakiya da aka saba gani ba, kashe nan take. Cikin akwatin kuma kar ka sa hannu, manyan kafasito suna riƙe bolt ɗari huɗu da wani abu ko bayan an cire wuta, suna kisa. Ka nemi dattijon mai gyara wanda ya yi zamani da rediyo da talabijin masu bawul, ya fi yaran da suka taso a kan taransisto sanin hannunta. Kuma kar ka taɓa kunna ta babu sifika a jone, taransifomar fita ce za ta ƙone, in sifikar daban take ka daidaita om, lambar da aka rubuta a bayan amfa da jikin sifika, 8 da 8, 16 da 16, da wayar sifika ta gaske ba wayar jita ba.

Wani karcewar ma datti ne kawai. Hunturun Kaduna ƙura har cikin nob da ramukan jak, kana murɗawa kana jin ƙarar-ƙarar, ka samu feshin wanke kontak wajen masu kayan lantarki a fesa kaɗan a murɗa sau da yawa, banda man inji. In kana jin ƙara kamar ƙararrawa ko fito, ka ɗan ƙwanƙwasa ƙananan kwalaben ɗaya bayan ɗaya da gindin fensir amfa tana kunne, wadda ta amsa da ƙarfi a sifika ita ce mai laifi. In kuma zzz ɗin a kan nota ɗaya yake zuwa kullum, ka duba takardar sifika ko ta tsage ko ɓera ya taɓa ta a sito, ka ɗaure sukurori. In ba ka aiki da ita ka rufe ta da zane, in kana aiki kuma ka bar bayanta a buɗe nesa da bango, ballantana a zafin Maris da Afrilu.

Kana kunnawa ka ba ta kamar minti ɗaya a sitanbai, maɓallin da ke barin kwalabe su ɗumama ba sauti, kafin ka buɗe, kuma sai ta yi ƴan mintuna tana aiki sautinta na gaskiya yake zama, so kar ka yi saiti tana sanyi. An tashi daga taro ka bar ta ta huce minti 5 zuwa 10 kafin a ɗora a keke, a ajiye ta a tsaye a kan wani abu mai laushi saboda ramukan hanya. Kwalaben nan yanzu ƙasashe kaɗan ke yin su, Sulobakiya da Rasha da Sin, ba abin da za ka shiga Kasuwar Gumi da yamma ka tabbata za ka samu ba ne, don haka in ka samu mai kawo maka ka sayi 12AX7 ɗaya ta ajiya da fis biyu masu lamba daidai da wadda aka rubuta a bayan amfar, ka naɗe a tsumma ka jefa a aljihun jakar jita.